RA'AYINMU: Korona Ta Lafa, Mura Tana Nan

Tun da aka ɗage dokar kulle ta korona, 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu suka koma harkokinsu, kowa yana ganin an rabu da ciwon ƙirji ke nan. Wannan jarida ba ta ga haka ba.

Abin da ya auku a Amurka, inda ake ƙidayar marasa lafiya da kyau, ya isa ishara. A hunturun 2020 zuwa 2021, makarantu a rufe, kowa da ƙyalle a hanci, mura mai zafi da likitoci ke kira infuluwenza ta kusa ɓacewa. Yaro ɗaya tak aka ba da rahoton ta kashe a duk ƙasar. Da aka buɗe, sai ta dawo da wuri a ƙarshen 2022, ta haɗu da wasu cututtukan numfashi, gadajen asibitocin yara suka cika maƙil. Likitoci da dama sun ce dalili shi ne yaran da aka haifa cikin kulle jikinsu bai taɓa gamuwa da ƙwayar ba, balle ya san yadda zai kare kansa. A hunturun 2024 zuwa 2025 kuwa yaran da ta kashe sun haura 250.

To, in ƙasar da ake samun allurar rigakafi a kantin magani ta ji jiki haka, ina ga ɗaki ɗaya a Sabo mai mutum bakwai? Kada kuma a ce abin na nesa ne. Murar 1918 jirgin ruwa ne ya sauke ta a Ikko, ta bi hanyar jirgin ƙasa har Arewa.

Abin da ya fi damunmu shi ne kalmar nan ta "mura ce kawai". Uba yana kasuwa, uwa ba ta jin Yarbanci, sai a aika kemis a sayo kafso, alhali kafso ba ya kashe ƙwayar mura, asfirin kuwa haɗari ne ga yaro. Yaron da numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi nono, asibiti za a kai shi a ranar, ko da dare ne.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa da limaman Juma'a su faɗakar da jama'a a kan wannan. Gwamnatocin jihohin Kudu kuma su sa mai jin Hausa a ɗakin shan magani na kowace unguwar da mutanenmu suka yi yawa.