Kafin a karɓi takardar ritaya, a sayi zarto

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san ranar da zai bar aiki tun ranar da aka ɗauke shi. Ƙa'ida ta ce in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, to ya ajiye. Malaman firamare da sakandare ne dokar 2022 ta ƙara wa wa'adi zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki. Duk da wannan sani, yawancin mutanenmu ranar tana riskarsu ba su da wani shiri sai lissafin kuɗin sallama da abin da za a zuba su a ciki: wannan ya ce kiwon kaji, wancan ya ce shagon kayan masarufi, wani ya sayi adaidaita sahu ya ba yaro yana kawo masa balas. A nan ina so in kare wata hanya da ba a cika kawo ta a lissafi ba, wato mutum ya kafa 'yar rumfar kafinta a gidansa, ya yi aikin da hannunsa. Ina da sharaɗi biyu a kai, kuma in babu su na janye shawarar: a fara koyo tun ana bakin aiki, sannan a fara da kayan hannu, kada a taɓa kuɗin sallama don sayen injina.

Dalilin sharaɗin kuɗi a fili yake ga duk wanda ya san halin da 'yan fansho suke ciki. Tun da aka kawo tsarin fansho na karo-karo a 2004, aka sake dokar a 2014 ta yadda ma'aikaci zai riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, abin da mai ritaya zai karɓa ya rataya ne a kan abin da ya taru a asusunsa, kuma wani ɓangare kawai ake ba shi a dunƙule. Wannan ɓangaren ma tsadar rayuwa tana cinsa tun kafin ya iso hannu, domin a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A jihohi kuwa jira ne babbar cuta. Gwamnatin Kano da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin haƙƙoƙin 'yan fansho na sama da naira biliyan 48. Kuɗin da aka sha wannan wahala kafin a same su, kuma babu wasu a bayansu, bai kamata a jefa su inda dare ɗaya zai iya cinye su ba. Cuta takan share kaji dubu cikin mako, yaron adaidaita yakan kawo labari maimakon balas, shago kuma bashin dangi da maƙwabta yake karya shi. Zarto da guduma ba sa mutuwa, ba sa cin abinci, in aka yi wata guda ba a taɓa su ba suna nan inda aka rataye su. Ban ce rumfar kafinta za ta maye gurbin albashi ba, kuma duk wanda ya yi wa dattijo wannan alkawarin ya yaudare shi. Abin da za ta iya shi ne kawo kuɗin cefane jefi-jefi, ta rage abin da gida yake kashewa a gyare-gyare, ta kuma ba mutum dalilin tashi da safe. Wannan na ƙarshen ya fi sauran nauyi a wurina, domin mutumin da ya shekara talatin da biyar ana jiransa a ofis, in ya wayi gari babu mai jiransa ko'ina sai majalisar ƙofar gida, jikinsa da zuciyarsa sukan yi saurin sanyi.

Jarabar da ke kama mai sabon kuɗi ita ce injin. Zai ga bidiyon wani Bature a YouTube cikin garejinsa, ga injin tsaga, ga injin gogewa, ga na huda, sai ya ɗauka haka ake farawa. Wancan yana da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu kuwa a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, sauran rukunan kuma wutar ce ba ta zama, janareta kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama na masu hali. Kuma babu ma buƙatar mallakar injin. Duk wanda ya shiga kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ko ta Dei-Dei a Abuja, ya san akwai masu injin tsagawa da gogewa a nan cikin kasuwar, ana biyansu kan kowane falanki. Ka sayi katakonka, a tsaga maka shi daidai awon da kake so, a goge, ka ɗora a mota ka kai gida. Abin da ya rage aikin hannu ne: zarto mai kyau, guduma, kurfi iri biyu ko uku, magogin hannu na fere katako, sikwaya, tef ɗin awo, ƙarafunan matse katako, gam, sanfefa da dutsen washi. Sai teburin aiki mai nauyi wanda ba ya rawa in ana gurza a kansa, shi ne ma abin da ya kamata mai koyo ya fara haɗawa da kansa. Ana iya tara waɗannan ɗaya bayan ɗaya daga albashi, wata-wata, ba tare da gida ya ji a jikinsa ba. Wuri kuma rumfar kwano a gefen tsakar gida ko tsohon gareji ya isa, muddin iska tana ratsawa kuma akwai haske.

Babban darasin da mai aiki a arewa zai koya yana jikin katakon ne kansa. Mafi yawan falankan da ake sayarwa a kasuwanninmu daga dazukan kudu ake lodo su, inda iska take da laima, kuma sau da yawa da ruwansu suke isowa. Katako yana shan laima yana kumbura, yana fitar da ita yana tsukewa, kuma a faɗi yake tsukewa, tsawonsa ba ya canjawa sai kaɗan. Shi ya sa ƙofar da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Agusta, in hunturu ya busa a Janairu za ka ga haske yana shigowa ta tsakanin falankanta, fuskar tebur ta bankare, ƙafar kujera ta fara motsi a mazauninta. Maganin ba shi da tsada, haƙuri kawai yake ci. A jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara, a sa 'yan siraran sanduna tsakanin kowane falanki da na samansa don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a shafa tsohon fenti a bakunan don kada su tsage, sannan a ƙyale su watanni. Kafintan kasuwa ya san wannan sarai, amma ba zai iya ba, saboda jarinsa bai kai ya kwantar da katako ba, mai kaya kuma yana tsaye a kansa biki saura mako biyu. Mai ritaya yana da abin da kafintan kasuwa ya rasa, wato lokaci, kuma a wannan sana'a lokaci yana komawa inganci kai tsaye.

Daga nan ne nake amsa masu cewa dattijo mai fansho zai shiga ya ƙwace abincin matasa. Damuwar tana da tushe, domin aikin yi ya yi ƙaranci. Sai dai a duba inda kuɗin kafintocinmu yake: rufin gini, silin, da kayan ɗakin amare, wato gado da wadirob da madubi da saitin kujeru. Wannan aiki ne na ƙarfi da sauri da yara masu taimako, kuma mai shekara sittin ba shi da abin yi a kan rufin bene. Akwai kuma wani fili da kusan kowa ya guje shi saboda ladansa kaɗan ne: gyara. Kowace unguwa cike take da kujeru masu karyayyar ƙafa, bencin makarantar Islamiyya da ya saki, durowar da ta ƙi rufuwa, kantar littattafan masallaci da ta lotsa. A ɗauki bencin makaranta. Yawanci ƙusa kawai aka buga ta saman falanki ta shiga kan ƙafar, yara suna hawa suna sauka, ramin ƙusar yana faɗaɗa har ƙafar ta fita. Mai gaggawa zai ƙara ƙusa biyu ya karɓi kuɗinsa, bayan zango ɗaya a dawo. Mai natsuwa zai fafe rami mai kusurwa huɗu a jikin katako ɗaya, ya fere bakin ɗayan har ya shiga ramin cif, ya shafa gam, ya matse su kwana guda, ya ƙara sandar da za ta riƙe ƙafafun biyu ta ƙasa. Wannan bencin sai ya ga yaye ɗalibai da yawa. Irin wannan aiki bai hana kowane matashi cin abinci ba, kuma in dattijon ya zaunar da yaro ɗaya ko biyu na unguwa suna kallo suna miƙo kaya, to ya ƙara wa sana'ar hannaye masu kyau.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa, ko da ba a faɗe shi da baki, shi ne na girma. Yaya za a ce tsohon darakta ko tsohon shugaban makaranta yana tsugune cikin garin katako? Me surukai za su ce? Gaskiya ne al'adarmu ta raba sana'o'i gida-gida, sassaƙa tana da masu ita da sarkinsu, su ne ke fitar da turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, sannan karatun boko ya zo ya ƙara cusa mana cewa wanda ya riƙe biro ya wuce riƙe guduma. Amma mu masu cewa addini ne ma'auninmu, ya kamata mu auna wannan ra'ayi da shi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Annabi Nuhu da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci, alhali yana da mulki. A zamaninmu kuma, Jimmy Carter da ya sauka daga shugabancin Amurka a 1981, kyautar sallamar da ma'aikatansa suka yi masa kayan aikin kafinta ce. Ya kafa wurin aikinsa a garejin gidansa da ke ƙauyen Plains a jihar Jojiya, ya riƙa haɗa kujeru da kabad ana gwanjonsu don ayyukan cibiyarsa, ya kuma rayu har shekara 100. Abin da yake zubar da girman dattijo a idon jama'a shi ne yawon ofis-ofis wurin yaran da ya horar yana neman a taimaka masa, kuma duk mun san wannan yana faruwa.

Sai batun shekaru da lafiya, wanda ba na so a raina shi. Ido yana raguwa, hannu yana rage kaifi, baya yana ciwo, mai ciwon suga kuma ƙaramin yanka yana iya zame masa babban al'amari. Wannan ma hujja ce ta guje wa injin, domin zarton hannu in ya kuskure fata yake yanka ya tsaya, na lantarki kuwa kafin ka ankara ya tafi da yatsa. Ƙurar katako ita ma ba abin wasa ba ce. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman a hanci, kuma injin gogewa ya fi komai tayar da ita. A yi aiki a inda iska take, a sa takunkumi lokacin sanfefa, a sa tabarau, a daidaita tsayin tebur don kada a yini a sunkuye, a share garin katako kullum a nisanta shi da murhu, a kulle masu kaifi saboda jikoki. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi suna da gaskiyarsu, shi ya sa na ce a fara da wuri. Wanda ya rage masa shekara biyar ya sami kafintan kirki a unguwarsu, ko da sa'an ɗansa ne, ya biya shi, ya riƙa zuwa ranakun Asabar yana koyon awo da washi da yanka a kan layi. Kafin takarda ta fito hannu ya faɗa, ya kuma gane ko abin ya karɓe shi. In bai karɓe shi ba, asararsa ba ta wuce kuɗin zarto ba.

Akwai mai cewa dazukanmu sun ƙare, ƙara masu taɓa katako ƙara ɓarna ne. An ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba da maƙwabtanta, ana lodinta zuwa Sin, har aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Mai rumfar gida ba ya cikin wannan sahu, kuma gyara kansa ceton itace ne, tunda kujerar da aka gyara ta hana a sare wata bishiya. Tsofaffin ƙofofi da katakon rufin da aka sauke daga gidajen da ake rushewa sun riga sun bushe shekara da shekaru, sau da yawa ma sun fi sabon kasuwa kyau, cire ƙusa kawai suke buƙata.

Hukumomi suna da rawar takawa, kuma ba mai tsada ba ce. Taron bitar da ake shirya wa masu shirin ritaya yawanci jawabi ne na kwana biyu a otal. Hukumar ITF, wadda aka kafa tun 1971 don horar da ma'aikata, da kwalejojin fasaha na jihohi da ɗakunan aikinsu suke kulle a ƙarshen mako, za su iya buɗe ajin Asabar ga ma'aikatan da suka kusa fita. A Ostireliya akwai rumfunan haɗaka da ake kira Men's Sheds, inda dattawan unguwa suke tara kayan aiki wuri guda suna aiki tare suna hira, har suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 2007. Reshen ƙungiyar 'yan fansho na kowace ƙaramar hukuma zai iya yin irin wannan da ɗaki ɗaya da teburi biyu. Amma kai mai karatu da ya rage maka 'yan shekaru a ofis, kada ka jira su. Wannan Asabar ɗin ka je wurin kafintan unguwarku, ka gaishe shi, ka tambaye shi nawa zai karɓa ya koya maka.