Maganar ƙanjamau sai daga bakin namu

'Yan uwa mazauna Kudu, duk ranar 1 ga Disamba sai a kawo mana fastocin ƙanjamau da Turanci, a liƙa a Agege ko Sabo ta Ibadan, a ɗauki hoto a tafi. Wannan ɓata kuɗi ne. Direban tirelar da ke kwana uku a Apapa yana jiran lodi ba zai buɗe wa baƙo cikinsa ba, abokinsa na tasha zai faɗa wa.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya. Ba ta tambayar ƙabila, kuma mu 'yan cirani da ke yin watanni nesa da iyali ba mu fi ƙarfinta ba.

Masu cewa zancen nan abin kunya ne, ku sani shirunku ne ke kai cutar gida, ta kama matar aure da jaririnta.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin tasha su zaɓo waɗanda ake jin maganarsu, a tura su horo. Wanzami da mai yankan farce su riƙa sa wa kowa sabuwar reza. Ungozoma ta raka mai ciki awo a gwada ta. Direba ya yi wa direba nasihar kame kai, ya gaya masa amfanin kwaroron roba, ya ja shi gwaji. Maganin rage kaifin cutar kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma mai shansa kullum yana ci gaba da neman abincinsa kamar kowa.