An Ƙera Bawul ɗin Zuciya don Tsohon Turai, Yarinyar Zugu Ke Jiran Nata

Duk wanda ya taɓa ganin an kwance famfon tuƙa-tuƙa ya san cewa aikinsa gaba ɗaya ya rataya ne a kan wata 'yar roba da ke can ƙasa, wadda ke buɗewa ruwa ya hau, ta rufe ta hana shi komawa. Masu gyara suna kiranta bawul. Zuciyar ɗan Adam tana da irinsa guda huɗu, kuma kowannensu yana buɗewa ya rufe kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, wato fiye da sau miliyan 35 a shekara, babu hutun Sallah, babu na dare. Idan ɗaya ya tsuke, jini ya kasa wucewa. Idan ya saki, jini ya riƙa komawa baya. Ko wanne ya faru, ƙarshensa haki ne da kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai a jingine.

Tarihin yadda aka koyi sauya wannan bawul yana cikin abubuwan da suka fi ba ni sha'awa a kimiyyar zamaninmu. Amma ina so mai karatu ya bi ni cikinsa yana riƙe da tambaya ɗaya: wa aka yi wa wannan ƙira?

A watan Satumba na 1960 likitan fiɗa Albert Starr na Amurka, tare da wani injiniya mai ritaya, Lowell Edwards, suka sa wa wani majiyyaci bawul na farko da ya daɗe yana aiki. Ƙwallon roba ne a cikin 'yar keji. Daga baya aka samu masu marfi ɗaya, sannan a 1977 aka fito da na St. Jude mai marfi biyu, wanda har yau shi ne salon da ya fi yaɗuwa. Bawul na ƙarfe ba ya tsufa da sauri. Yana iya raka mutum har kabari. Aibinsa shi ne jini ba ya son baƙon abu, yana daskarewa a jikinsa. Saboda haka mai ɗauke da shi zai sha maganin tsinka jini mai suna warfarin kullum, har ƙarshen ransa.

Wannan ne ya sa wasu suka koma ga naman dabba. A ƙarshen shekarun 1960 Alain Carpentier na Faransa ya nuna cewa idan aka jiƙa bawul ɗin dabba a sinadarin gulutaraldehaid, kamar dai yadda majemi ke jeme fata, jikin mutum ba zai yi saurin ƙin sa ba. Sai dai nama ba ya tsayuwa da kansa, dole a ɗinka shi a jikin wani firam, kamar yadda ake ɗora ciyawa a kan tsaiko. A nan ne aka gamu da matsalar da ta haifar da ƙirar da muke magana a kanta. Firam ɗin farko masu tauri ne. Duk lokacin da bawul ya rufe, nauyin jinin kan faɗa ne a kan wuraren ɗinki guda uku da ke saman sandunan firam, har naman ya gaji ya yage daga nan. A 1971 Robert Reis da Warren Hancock da abokan aikinsu suka gabatar da firam na roba mai ɗan rusunawa: sandunan nan uku su sunkuya ciki kaɗan idan bawul ya rufe, su miƙe idan ya buɗe, su karɓi rabonsu na bugun. Dabara ce da kowane mai kamun kifi a gulbin Zamfara zai gane, domin da sandar ƙugiya ba ta lanƙwasa, da babban kifi ya tsinke zare.

Ba a dace nan take ba. Robar farko ta riƙa sunkuyawa a hankali ba ta dawowa daidai, har aka sauya ta da wata. Bawul ɗin Marian Ionescu na Lids ta Ingila, wanda ya yi amfani da tantanin da ke lulluɓe zuciyar sa, ya yi suna ƙwarai kafin a ga yana yagewa a wurin ɗinki, aka janye shi daga kasuwa a 1987. Wanda ya tsaya shi ne na Carpentier da kamfanin Edwards, mai firam na siririyar wayar ƙarfe mai tsalle, da aka fara sa wa mutane a farkon shekarun 1980.

Bari in ɗan ratse, domin na san abin da ke ran mai karatu. E, wasu daga cikin waɗannan bawul daga zuciyar alade ake cirowa. Malaman fiƙihu da yawa sun halatta su a ƙarƙashin larura idan babu madadi. Amma madadin yana nan, domin mafi yawan sababbin ƙira da tantanin zuciyar sa ake yin su. Haƙƙin majiyyaci ne ya tambaya, haƙƙin likita ne ya faɗa masa gaskiya tun kafin a shiga ɗakin fiɗa.

Da firam ya iya lanƙwasa, sai wani tunani ya biyo baya: me zai hana a naɗe shi gaba ɗaya, a tura shi ta jijiya, ya buɗe a cikin zuciya kamar laima? Henning Rud Andersen na Denmak ya gwada haka a jikin aladu a 1989, ya sha wahala kafin mujallu su yarda su buga aikinsa. A shekara ta 2000 Philipp Bonhoeffer ya sa wa wani yaro bawul ɗin jijiyar huhu ta wannan hanya a Faris. Ranar 16 ga Afrilu 2002, a birnin Ruwan na Faransa, Alain Cribier ya sa wa wani mutum mai shekara 57, wanda likitocin fiɗa suka ce ba zai jure tsaga ƙirji ba, sabon bawul a bakin babbar jijiyar jini ba tare da an buɗe ƙirjinsa ba. Wasu daga cikin irin waɗannan firam da balan-balan ake buɗe su. Wasu kuwa da naitinol ake ƙera su, gaurayen ƙarfen nikel da taitaniyam mai tuna siffarsa: a sanyi ya yi laushi a matse shi cikin siririn bututu, da ya ji ɗumin jiki ya koma yadda aka ƙera shi. Yau tsoho mai shekara 85 a Jamus yana iya karɓar sabon bawul ya koma gida bayan kwana biyu ko uku.

To, mu dawo gida. A Zugu da Nasarawar Burkullu da Gummi da ƙauyukan Anka, wanda bawul ɗin zuciyarsa ya lalace da wuya ya zama ɗan shekara 85. Yawanci yaro ne ko budurwa ko matar aure mai ciki na biyu. Ciwonsu ba daga tsufa ya zo ba, daga maƙogwaro ya faro. Akwai wata ƙwayar bakteriya da likitoci ke kira sitirep, mai kama maƙogwaron yara 'yan shekara 5 zuwa 15, musamman inda ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya. Idan ba a kashe ta da fenisilin ba, a jikin wasu yara garkuwar jiki kan ruɗe ta juya kan gaɓoɓi da zuciya. Gwiwa ta kumbura yau, gobe idon sawu, a ce sanyi ne ko shawara, a sha jiƙo, zazzaɓi ya sauka. Sau da yawa ma wurin wanzami ake nufa a cire beli. Gaɓoɓin kan warke sarai. Zuciya ce ba ta mantuwa, kuma kowane dawowar ciwon yana ƙara tabo a kan bawul, har ranar da ciki ko naƙuda za su tona asiri.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2007 Mahmoud Sani da Kamilu Karaye da Musa Borodo sun buga bincikensu na hotunan zuciya a Kano, inda kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka duba ke ɗauke da wannan cuta, galibinsu matasa. Babban binciken REMEDY, wanda ya bi majiyyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yemen, ya samu tsakiyar shekarunsu 28, kashi biyu cikin uku mata, kuma cikin shekara biyu kusan 17 cikin 100 sun rasu. A 2019 an ƙiyasta masu cutar a duniya da kimanin miliyan 40, tana kashe sama da 300,000 a shekara. Turai da Amurka sun kusan rabuwa da ita tun kafin a ƙera bawul mai naɗewa.

Shi ya sa ƙirar Cribier, duk kyawunta, ba da majiyyacinmu aka auna ta ba. Tana kafuwa ne a jikin tsakuwar kalsiyam da ke taruwa a bawul ɗin tsoho, ita ce ke riƙe firam ɗin kada ya zame. Bawul ɗin yarinyarmu sau da yawa ba shi da wannan tsakuwa, yoyo yake yi. Kuma wanda cutar ta fi ci a wurinmu shi ne bawul ɗin maitiral, na tsakanin ɗakuna biyu na hagu, wanda siffarsa ta fi wuyar sha'ani. Saura fiɗa ke nan. An fara fiɗar buɗe zuciya a Najeriya a Inugu tun 1974, amma bayan shekara 50 cibiyoyin da ke yin ta a kai a kai 'yan ƙalilan ne, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin manomin gero nesa ba kusa ba. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007, mai yin wannan fiɗa kyauta ga 'yan Afirka, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya toshe hanyarta ga masu zuwa daga nesa.

A ɗauka ma an dace, dangi sun sayar da gona da shanun noma, an kai yarinya mai shekara 19 gaban likitan fiɗa. Wanne za a sa mata? Idan na ƙarfe ne, sai warfarin, kuma warfarin ba a shan sa da ka. Dole a riƙa auna jini da gwajin INR, aƙalla wata-wata. Ya yi kaɗan, jini ya daskare a bawul ko shanyewar ɓarin jiki ta biyo. Ya yi yawa, jini ya ɓalle. Ganye mai bitamin K, irin alayyafo da zogale, yana rage ƙarfinsa, don haka abincin damina da na rani ba awo ɗaya suke buƙata ba. Flagyl da Septrin, waɗanda kowane kemis ke miƙa wa mai gudawa ba tambaya, suna ƙara masa ƙarfi har ya kai ga haɗari. Yana kuma iya nakasa ɗan tayi a watannin farko na ciki, a al'ummar da darajar mace a gidan miji ke rataye da haihuwa. Sannan a tuna hanyar da za ta bi daga Zugu zuwa Gusau ko Sakkwato don gwajin nan, da abin da ke faruwa a kan hanyar a shekarun nan. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara na makonni. Ko da likitanta yana son gaya mata ta rage ƙwaya, ta ina?

Idan kuwa na nama ne mai firam ɗin nan mai lanƙwasa, ta huta da warfarin, tana iya haihuwa. Amma abin da ke kai shekara 15 ko fiye a ƙirjin tsoho, a ƙirjin matashi yakan ƙanƙare ya lalace sau da yawa kafin shekara 10. Ke nan tana shekara 28 za a sake neman wata gonar da za a sayar. Gaba kura, baya sayaki.

A ganina, ƙirar da ta cancanci mu sa mata ido ita ce wadda ta fara daga wannan yarinya. Indiya ta nuna hanya: cibiyar Sree Chitra ta jihar Kerala ta ƙera nata bawul na ƙarfe mai rahusa, aka fara sa shi a 1990, don talakawanta masu irin ciwonmu. A Kef Tawun, Peter Zilla da abokan aikinsa sun daɗe suna ƙoƙarin ƙera bawul mai naɗewa da zai kama jikin bawul marar tsakuwa, mai marafen roba ta musamman maimakon nama, don ya jure jinin matashi. Aikin bai kai kasuwa ba tukuna, amma tambayar da suka yi ita ce daidai. Abin da ke damuna shi ne sassan injiniya da na likitanci a jami'o'inmu na Sakkwato da Kano da Zariya suna zaune a tsakiyar majiyyatan da duniya ke neman yi wa wannan ƙira, amma da wuya ka ji an haɗa su a teburi ɗaya.

Kafin wannan rana, akwai abin da ba ya jiran injiniya. A Uganda an bi yara masu alamun farko na cutar, aka riƙa yi wa rabinsu allurar benzatin fenisilin kowane mako huɗu. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa cikin shekara biyu cutar ta ci gaba a ƙasa da 1 cikin 100 na masu karɓar allura, alhali a sauran ta ci gaba a kusan 8 cikin 100. Tun a 2018 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri kan wannan cuta, Najeriya na cikin mambobinta. Kuma yankin nan ya riga ya san yadda ake irin wannan aiki. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, a Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, ma'aikatan lafiya na gida tare da ƙungiyar MSF sun yi rajistar dubban yara, suna auna jininsu, suna bin su gida-gida shekara da shekaru. 

Abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ba ya wuce haka: littafin rajista na masu wannan cuta a babban asibitin Anka da na Gummi da na Bukkuyum, benzatin fenisilin da ba ya yankewa, ƙaramar na'urar hoton zuciya ta hannu da ma'aikatan jinya biyu da aka koya wa riƙe ta, da na'urar gwajin INR ta ɗigon jini a yatsa ga 'yan kaɗan ɗin da suka riga suka dawo gida da ƙarfe a ƙirji. Na'urar INR ɗin nan girmanta bai wuce wayar hannu ba, da batir take aiki, kuma tana ba da sakamako kafin majiyyaci ya gama ɗaure igiyar takalminsa.