Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Majalisar Dokokin Amurka

Ya ku masu girma,

Dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, wadda ta kafa shirin tallafi na TANF, ta gindaya sharaɗin aiki ga iyalai matalauta masu karɓar tallafi. Ta bai wa jihohi damar ɗaga wa uwar da ke rainon jariri ita kaɗai ƙafa har ya cika shekara. Sai dai zaɓi ne, ba wajibi ba, kuma wata 12 ne a duk rayuwarta, komai yawan haihuwarta. Wasu jihohin wata 3 kacal suke ba ta.

Wata 3! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nono zalla tsawon wata 6. To yaya mai jego za ta yi hakan tana aikin awa 20 a mako da dokar ta tanada? Dokar ta hana a hukunta wadda ta rasa mai raino, amma ita ake bari da ɗawainiyar kawo hujja, da goyo a baya.

Don Allah ku mayar da wannan rangwame wajibi: shekara guda ga kowane jariri, a kowace jiha.