A Aika Masu Ɗaukar Hoto Ƙasar Kura da Bunkure Tun Kafin Gini Ya Kwanta

A shekarar 1851 hukumar kula da gine-ginen tarihi ta ƙasar Faransa ta zaɓi masu ɗaukar hoto guda biyar, cikinsu har da Gustave Le Gray da Édouard Baldus da Hippolyte Bayard, ta raba musu sassan ƙasar, ta umarce su da su bi gari gari suna ɗaukar hotunan tsofaffin majami'u da fadoji da gadoji waɗanda ake tsoron rushewarsu. A lokacin sana'ar hoto ba ta wuce shekara goma sha biyu da bayyana ba, kayan aikinta kuwa nauyi gare su. Duk da haka suka komo da hotuna fiye da 250.

Amfanin irin wannan tanadi ya fito fili a zamaninmu. Ran 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, wadda aka soma ginawa a 1163, hasumiyarta ta faɗi. Hotuna da zane-zane da awon da masana suka tara tun kafin gobarar, musamman na marigayi Andrew Tallon, sun taimaki magina wajen mayar da ginin kamanninsa, har aka sake buɗe shi a watan Disamba, 2024.

To, a wannan shekara ta 1851 ɗin ce Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano, ya rubuta labarin saƙa da rini da cinikin tufafin da suka ɗaukaka sunan ƙasar har bayan Sahara. Garin Kura na cikin ginshiƙan wannan sana'a. Daga marinarsa da mabugarsa turkuɗi da rawani ɗan Kura suke fita zuwa ƙasashen Buzaye. Amma yau ɗalibin da ke son ganin yadda karofin Kura yake a zamanin kakansa, ko fasalin tsohon masallacin ƙauyensu, wace ma'aikata zai nufa?

Babu mai musun alherin da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta kawo wa Kura da Bunkure da Garun Malam da Kadawa. Noman rani ya zaunar da mutanen da a da suke tafiya cirani, shinkafa da alkama da tumatir sun sa kuɗi a hannun manomi. Manomin da ya sami kuɗi kuwa abin da yake fara yi shi ne ya rushe soron ƙasa ya tayar da na bulo da kwano, kuma babu mai ganin laifinsa, domin ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kowace shekara. Sai dai kowane zauren da aka rushe yakan tafi da zankayensa, da jeren azararsa, da ɗaurin gugansa, da zanen da magini ya yi a bakin ƙofa. Maginan da suka san sirrin tubali da makuba suna ta ƙarewa, 'ya'yansu sun koma ɗora bulo.

Mun ga abin da ya sami Ƙofar Na'isa a birnin Kano, wadda aka rushe a 2010 saboda faɗaɗa hanya. Idan haka ta faru ga ƙofar da ke ƙarƙashin kariyar doka, a tsakiyar babban birnin jiha, ina ga zauren dagaci a wani ƙauyen Bunkure?

Shawararmu ita ce Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, su tsara rangadin masu ɗaukar hoto a wannan yanki, a haɗa da Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. A ɗauki masallatai da gidajen sarauta da kufan ganuwa da marina da rumbuna. A ɗauki magudanan ruwan aikin noman rani ma, domin su kansu sun kai shekarun shiga tarihi. Kowane hoto a rubuta masa sunan gari da unguwa da rana, da abin da dattawan wurin suka faɗa game da wanda ya yi ginin. Ɗaliban Jami'ar Bayero da na Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil za su iya ɗaukar rabin aikin a lokacin hutu, in an ba su takardar gabatarwa zuwa ga hakimai da dagatai.

Wani zai ce gara a kashe kuɗin wajen yashe magudanan da kacalla ta toshe. Yashe magudana wajibi ne, amma kuɗin wannan rangadi bai kai na kwalbati ɗaya ba, tun da yau wayar da ke aljihun ɗalibi ta fi na'urar Le Gray sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Wani kuma zai kawo maganar hukuncin hoto a addini. Abin da muke nema hoton bango ne da ƙofa da rami, waɗanda ba su da rai.

Akwai kuskure ɗaya na Faransawa da ya kamata mu guje masa. Da masu hoton 1851 suka miƙa aikinsu, hukumar ta kulle shi a ma'ajiya, ba a buga shi ba sai bayan shekaru masu yawa. Namu ya kamata a baje shi a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a kai kwafi makarantun Kura da Bunkure, a sa a intanet, domin masu abin su fara ganinsa.

Kowace damina tana kayar da wani bango. Muna kira ga ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomin nan su ware wa wannan aiki wuri, a soma shi da ranin bana. Allah Ya sa masu iko su ji.