Idan yaron shago ya tafi, da kwastomomi yake tafiya

Duk wanda ya saba bin hanyar Minna zuwa Paiko ya san yadda unguwar Shango ke cika idan Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja tana cikin zangon karatu. Masu buga takardu da kwafi, masu POS, masu abinci, teloli da masu gyaran waya, kowa na cin arzikin ɗalibai. Sai dai a irin waɗannan shaguna fuskokin da ke bayan kanta ba su cika daɗewa ba. Yarinyar da ta buga wa ɗalibi takarda a wannan zango, kafin zango na gaba ta yi gaba, wata ce zaune a kujerar tana laluben haruffa da yatsa biyu.

In aka tambayi maigida, zai ce yaran yanzu ba su da haƙuri. In aka ja yaron gefe kuwa, labarin daban ne: albashi sai sabon wata ya yi nisa, tsawa a gaban kwastoma, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a zaftare masa kuɗi.

Abin da maigida ba ya sakawa a lissafi shi ne kuɗin da wannan shiga da fita ke ci masa. Sabuwar ma'aikaciya sai ta yi makonni kafin hannunta ya faɗa. A tsakanin nan an ɓata takarda, an ƙarar da tawada, an buga wa ɗalibi furojet ɗinsa da shafuka a birkice ana gobe zai miƙa. Shi kuma ɗalibin, da ma ba shagon ya sani ba, yarinyar ya sani. Da ya ji ta koma shagon tsallaken titi, can zai bi ta, har da 'yan ajinsu. Haka abin yake wajen tela da mai aski.

Ba yau aka gano wannan ba. A 1913 kamfanin motoci na Henry Ford a Amurka sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000 don kawai ya riƙe guraben aiki kusan 14,000, saboda yadda ma'aikata ke ajiye aiki. A Janairun 1914 ya mayar da ladan yini dala 5, ninki biyu da ɗoriya, ya kuma rage awannin aiki daga 9 zuwa 8. Guduwar ma'aikata ta ragu ƙwarai, motocin da ake ƙerawa suka ƙaru. Kada a ɗauka tausayi ne ya motsa Ford, mutumin da har gida yake tura jami'ai su binciki rayuwar ma'aikatansa. Lissafi ya buga, ya ga riba.

A 2019 ma masu bincike na Jami'ar Oxford sun bibiyi ma'aikatan kamfanin sadarwa na BT a Birtaniya, masu ciniki ta waya, suka gano cewa a makon da ma'aikaci ke cikin walwala, aikinsa kan ƙaru da kusan kashi 13 cikin ɗari.

A nan gida, Shugaba Tinubu ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, Gwamna Umaru Bago kuma ya amince da 80,000 ga ma'aikatan gwamnatin Neja. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ke nan yawancin shagunan Shango suna wajenta. Babu mai tilasta wa maigida, alhali tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin Keke Napep kaɗai kan lashe kaso mai tsoka na abin da yaro ke samu.

Gaskiya ne mai ƙaramin shago, da ke fama da kuɗin haya da man janareto, ba zai iya biyan 80,000 ba, kuma rashin adalci ne a ce dole sai ya biya. To amma biyan albashi a ranar da aka yi alkawari ba ya ƙara masa ko kwabo. Haka nan hutun yini guda a mako, da jan yaro gefe in ya yi kuskure maimakon a yarfa shi a gaban jama'a.

'Yan kasuwar Kantin Kwari a Kano sun daɗe da sanin wani sirrin: yaron da ya tabbata wata rana maigida zai sallame shi da jari, ya buɗe masa nasa wurin, yakan tsare dukiyar kamar tasa. Yaran shagunan Shango da yawa ba sallama suke hange ba tukuna. Damuwarsu ta kusa ita ce dogon hutu, lokacin da kwaleji ke rufewa, ciniki ya ja baya, wasu iyayen gida su ce kowa ya zauna gida ba albashi sai an dawo. Ranar da ɗalibai suka dawo, maigida ya ɗauko waya yana neman yarinyar da ta iya aikin, sai ya ji ta kama wani aikin a unguwar Tunga.