Haidirojin ko batir: nawa kilomita ɗaya ke ci?

A watan Janairun 2022 hukumomin birnin Montpellier da ke kudancin Faransa suka soke shirin sayen bas-bas 51 masu aiki da iskar haidirojin. An riga an yi shelar shirin, an tsara kafa tashar samar da iskar, har an sami alƙawarin tallafi. Amma da gwamnatin magajin gari Michaël Delafosse ta zauna ta buga lissafi, sai ta ga kowane kilomita ɗaya zai ci mata kusan santim 95 na yuro idan da haidirojin ne, alhali da batir santim 15 ya isa. Ninki shida ke nan da ɗoriya. Suka naɗe tabarmar shirin, suka koma ga bas mai batir.

Ina ganin sun yi daidai, kuma dalilin da ya sa suka yi daidai ba na Faransa ba ne kaɗai.

Abin da ke jan hankalin mutane ga haidirojin a fili yake. Bas ne da ba ya hayaƙi, abin da ke ɗiga daga salansarsa ruwa ne zalla. A cikin minti goma ko sha biyar an cika masa tanki ya koma titi, ba sai ya kwana a jone da waya ba. Wane gwamna ne ba zai so a ɗauke shi hoto yana tara kofi a bayan mota ba? Sai dai ita wannan iska ba a haƙo ta a rijiya a zuba a tanka yadda ake yi da ɗanyen mai. Ƙera ta ake yi. Hanya mai tsafta ita ce a saki lantarki a cikin ruwa ya rabu gida biyu, a kama haidirojin ɗin, a matse shi da ƙarfin gaske a tukwane, a kai shi tasha, a ɗura wa mota. A cikin motar kuma akwai na'urar da ke haɗa shi da iskar da muke shaƙa ta sake fito da lantarki, shi ne zai juya taya. Wato da lantarki aka fara, da lantarki aka ƙare, an dai bi ta doguwar hanya. Duk wanda ya taɓa kai naira kasuwar canji ta Wapa ya mayar da ita sefa, ya dawo washegari ya sake mayar da sefar naira, ya san kuɗinsa ba sa dawowa yadda suka tafi, domin a kowane juyi ɗan canji ya ci nasa.

Mu auna da yunit irin wanda muke saye a mita. Kilo ɗaya na haidirojin yana cin fiye da yunit 50 kafin ya samu. Bas ɗin cikin gari yakan sha kilo 7 ko 8 a tafiyar kilomita 100, ka ga an doshi yunit 400. Bas mai batir zai yi wannan tafiyar da abin da bai fi yunit 150 ba. Ko injiniyoyi sun yi ta gyara na'urorin nan, tazarar raguwa za ta yi, ba za ta ɓace ba, domin asarar tana cikin juyin ne kansa.

Akwai kuma abin da masu talla ba su cika ambata ba. Kusan duk haidirojin da duniya ke amfani da shi yau daga iskar gas da kwal ake fitar da shi, wanda ake samu ta hanyar lantarki da ruwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hayaƙin da ba a gani a salansa ba yana can yana tashi a masana'anta.

Tun kafin Montpellier wasu sun ɗanɗana. Garin Whistler na Kanada ya sa bas 20 masu haidirojin a titi lokacin wasannin Olamfik na hunturu a 2010. Iskar kuwa da tanka ake kawo ta daga lardin Quebec, tafiyar dubban kilomita, tankar na ƙona dizal. A 2014 aka ajiye motocin aka koma dizal ɗin kai tsaye. A jihar Lower Saxony ta Jamus aka fara jigilar fasinja da jirgin ƙasa mai haidirojin, ƙirar kamfanin Alstom, a 2018, kuma zuwa 2022 an tanadi guda 14 domin layin Bremervörde. Shekara ɗaya bayan haka hukumar sufurin jihar ta ce sauran layukanta jirage masu batir za ta saya musu, don sun fi sauƙin riƙo. Wanda ya fara gwadawa ne ya faɗi haka, ba ɗan adawa ba.

Ban ce babu inda haidirojin ya karɓu ba. A kewayen birnin Cologne bas-bas ɗinsa na nan suna aiki, kuma an fara ne da iskar da ke fita a matsayin rara daga masana'antun sinadarai na garin Hürth. Wanda ke da irin wannan a bayan gidansa ya mora. Birane nawa ne ke da shi?

Shi batir ya daɗe da wuce matakin gwaji. Zuwa ƙarshen 2017 birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki gaba ɗaya. Mafi kusa da mu, a 2024 Dakar ta buɗe layin bas na musamman mai tsawon kilomita 18 daga tsakiyar birni zuwa Guédiawaye, kuma duk motocin da ke kansa masu batir ne. A Nairobi kamfanin BasiGo yana ba masu motocin haya bas mai lantarki su riƙa biya gwargwadon kilomitan da suka yi. Ko a Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna da harhaɗa ƙananan bas masu caji.

To, a nan ne mai karatu a Kano ko Zinder zai yi dariya ya ce, da wace wutar? Tambayar na kan hanya. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da magidanci ke lissafawa kafin ya fita, kuma ko direban Adaidaita Sahu ya san rabin cinikinsa a gidan mai yake ƙarewa. Amma Najeriya da ke da mutane sama da miliyan 200 tana ta fama ne da megawat dubu huɗu zuwa biyar. Gareji mai bas 100, kowanne na buƙatar yunit 300 a dare, zai ja megawat 5 na tsawon awa shida. Wannan rabin ƙarfin tashar sola mai megawat 10 ne da aka buɗe a Kumbotso a farkon 2023, ita kuwa da rana take bayarwa, lokacin da motocin ke kan titi. Ga zafin Afrilu da ke tsufar da batir da wuri, ga na'urar sanyaya mota da ke zuƙe cajin. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda ya kawo ƙarancin wuta a matsayin hujjar zaɓen haidirojin ya kashe kansa da bakinsa, tun da shi haidirojin kusan ninki uku na wutar yake nema, ga tataccen ruwa aƙalla lita tara a kowane kilo, ga tukwane masu matsi da babu bakanike ko ɗaya a Ƙofar Ruwa da ya taɓa kwance irinsu. Batir kuwa yaranmu masu haɗa sola da inbata sun riga sun saba da halinsa.

Idan wata rana muka sami rarar lantarkin da za mu yi haidirojin mai tsafta, akwai inda ya fi bas buƙatarsa. Takin yuriya da manomi ke saye da tsada daga haidirojin ake yin sa, kuma masana'antun Dangote da Indorama daga gas suke fitar da nasu. A can babu batirin da zai maye gurbinsa.

Saboda haka idan gwamnatin wata jiha ta kira taron ƙaddamar da bas marasa hayaƙi, kowane iri ne, 'yan jarida su ɗaga kai daga fentin motar su nemi takarda biyu. Ta farko ta nuna nawa kilomita ɗaya zai ci, har da kuɗin sauya batir idan ya gaji. Ta biyu ita ce yarjejeniyar wuta: layi na musamman ne za a ja wa garejin, ko sola ce da rumbun batir da zai ajiye wutar rana zuwa dare, kuma wa zai biya. In babu ta biyun, janareto mai shan dizal ne zai riƙa cajin motocin a bayan katanga.